Taku Uku Baya

Ni mai wanki ce a bakin kogin Seine,
shekara arba'in hannuna cikin ruwa,
sabulu ya cinye zanen yatsuna.
Iyakar sanina game da launi:
wannan yana zuba, wancan ba ya zuba.

Sai Anselme ya zo, shekarar da ambaliya ta ci gada,
da akwatin fenti a baya kamar ɗan koli,
ya kafa ƙafafun katakonsa cikin laka
dab da igiyar shanyata.
Ba ya gaisuwa. Rana yake harara
kamar yana binta bashi.

Ya ɗangwala, ya ɗiga, ya ɗangwala,
hannu na rawa, leɓe na motsi,
kafin ƙararrawar coci ta buga tara
ya yar da buroshi, ya ce, "Ta tafi."
Na ce, "Wa?"
Ya ce, "Safiyar."
Na ce, "Gobe ma akwai wata."
Ya ce, "Wata dai. Ba ita ba."

Ran nan na leƙa, na ga ya shafa wa inuwa shuɗi.
Na yi dariya har bokiti ya kife.
Inuwa ai baƙa ce, ko yaro ya sani.
Bai yi musu ba, ya nuna zanin gadon da na shanya,
ya ce, "Dubi cikin ninkin."
Na duba.
Shuɗi ne, da ɗan ja-ja a gefe kamar fatar inabi.
Shekara nawa ina shanya farin ƙyalle
ban san ba fari ba ne.

A Paris alƙalan zane suka kore shi.
Suka ce bai gama ba. Suka ce jagwalgwalo.
Wani ɗan jarida ya rubuta wai kaza ce
ta taka fenti ta bi ta kan ƙyalle.
Su sun fi son jaruman da,
tsoka a goge sumul kamar tangaran,
ƙarƙashin sama wadda ba ta taɓa haɗa hadari ba.

Ya dawo, ina binsa kuɗin wankin wata bakwai,
aljihu wayam, takalmi na shan ruwa.
Ya ba ni zane guda. Na karɓa don kunya,
na toshe ɓular bangon kicin da shi,
hayaƙin murhu ya ci gefensa.
Shi kuwa tari ya ɗauke shi tun bai yi furfura ba.

Yanzu jikana Firmin kan zo daga birni
ya ce, "Kaka, an wuce nan.
Yau fasa fuska ake yi gida huɗu,
ido a kunci, hanci a ƙeya,
wasu ma launi zalla, ba kogi, ba mutum."
Na ce, to madalla.
Amma wa ya zare musu sakata?
Wa ya fara fito da ƙyalle waje cikin iska
ya ce abin da ido ya kama yanzun nan ya isa shaida?
Mai shan inuwa ba ya tambayar wanda ya dasa.

Jiya wani mai doguwar hula ya zo,
ya yi tayin da zai sayi gidan nan har da na maƙwabta.
Na ba shi kofi. Na ce zan yi shawara.

Yana ta fara rufe mini ido.
Sabuwar gada, kwale-kwale, bishiyoyin tsallake,
duk sun jiƙe, gefensu ya narke,
duniya ta koma aikin Anselme
ba tare da ta nemi izinin alƙalai ba.

Idan na matsa kusa da bangon, tabo ne kawai,
kore kan rawaya, rawaya kan toka,
har da gashin buroshi guda da ya maƙale.
Sai na ja baya.
Ɗaya.
Biyu.
Uku.
Ga ruwan yana motsi.
Ga safiyar nan da ya ce ta tafi.
Ga wani ɗigon ja a sunkuye bakin gaɓa,
ba ido, ba hanci, ba suna,
amma gadon bayan nan nawa ne.
Na san inda yake ciwo.